"Palliative": kalmar da ta taso daga mayafi, ta ratsa asibiti, ta zama buhun shinkafa

Duk mai sauraren labaran rediyo a Kano cikin 'yan shekarun nan ya san kalmar "palliative", ko da bai taɓa zama a ajin Turanci ba. Mai shayi a Fagge ya san ta, 'yan dako a kasuwar Singa sun san ta. Idan aka ce an kawo faliyatif mazaɓa, kowa ya gane shinkafa ce ko masara ko taliya, ko kuma 'yan kuɗin da za a turo ta asusun banki. Sai dai wannan ita ce ma'anar da ta zo a ƙarshe, kuma ita ce wadda Baturen Ingila ko na Amurka zai yi ta juyawa bai gane ba idan ya gan ta a rubuce. A asalinta kalmar tana faɗin abu biyu ne a lokaci guda: za a samu sauƙi, amma cutar tana nan inda take. Rabin farko kowa yana jin sa. Rabi na biyu ne yake ɓacewa a bakinmu, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga ɗalibin da zai rubuta jarrabawa, da ɗan jaridan da ke fassara sanarwar gwamnati, da mai jinyar da likita ya faɗa wa kalmar a bakin ɗakin marasa lafiya.

Tushenta kalmar Latin ce, "pallium". Wani mayafi ne mai faɗi, mai kusurwa huɗu, galibi na ulu, wanda ake yafawa a kafaɗa ya rufe jiki. Rumawa suna kallonsa a matsayin suturar Girkawa da masu falsafa, domin su tasu rigar alfarmar sunanta "toga". Daga sunan mayafin aka samo aikatau "palliare" a Latin na baya-baya, ma'ana a yafa wa abu mayafi, a lulluɓe shi. Daga nan likitocin Turai na tsakiyar zamani, waɗanda da Latin suke rubutu, suka ƙera siffa "palliativus", Faransanci ya mayar da ita "palliatif", ta shiga Turancin Ingila a farkon ƙarni na 15. Cikin wuraren farko da aka gan ta akwai fassarar babban littafin tiyata na Guy de Chauliac, likitan Faransa da ya yi wa Fafaroma aiki a birnin Avignon, ya kammala littafin a 1363. Wannan malami ya dogara ƙwarai da likitocin Musulmi, yana yawan kawo maganar Ibn Sina da Razi da Zahrawi. Ke nan tunanin raba magani gida biyu, mai tuge cuta da mai kwantar da ita, ya daɗe a fagen likitanci, kuma ba na al'umma ɗaya ba ne.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda mayafi ya zama magani, domin harshensa ya riga ya bi wannan hanyar. Daga "rufe" muka samu rufin asiri, wanda alheri ne, muka kuma samu rufa-rufa, wadda ha'inci ce. Kalmar sutura da muka aro daga Larabci, tushenta "satara", wato rufewa: tufafin da mai rai yake sawa sutura ne, kuma idan aka ce an yi wa mamaci sutura an san me ake nufi. Turanci ya yi irin wannan tafiya da "pallium". Daga gare ta ya samu "pall", ƙyallen da ake lulluɓa akwatin gawa da shi, shi ya sa ake kiran masu ɗaukar gawa "pallbearers". Idan hazon hunturu ya rufe Kano har ba a hango Dutsen Dala daga nesa, marubucin Turanci zai iya cewa "a pall of dust". Har yau ma a cocin Katolika akwai wani ɗan ƙyallen farin ulu da Fafaroma yake bai wa manyan limamai su rataya a wuya, sunansa "pallium". Duk zuriya ɗaya ce, kuma duk maganar lulluɓi ce.

Akwai waɗanda suka yi kama da ita amma ba 'yan gidan ba ne. "Pale" da "pallor" da "appal" daga wani aikatau na Latin suka fito mai nufin kodewar launi, "palate" kuwa ganɗar baki ce. Kamannin haruffa ne kawai.

Wajen furuci, gaɓa huɗu ce, kuma nauyin yana kan ta farko: PA-li-ya-tiv. A bakin mutanen Ingila gaɓa ta uku ba ta da ƙarfi, kusan haɗiye ta ake yi. Amurkawa da yawa suna ja ta, ta fito kamar "ey". Mu a nan abu biyu ne ke ba mu wahala. Harafin farko yana komawa "f" a harshen Bahaushe, maganinsa kuwa a haɗe leɓe biyu gam kafin a saki iska. Na biyu shi ne ɗora nauyi a tsakiyar kalmar, wanda yake sa baƙon kunne ya kasa kama ta. A rubutu "l" biyu ne, kuma akwai "i" bayansu. "Paliative" da "pallative" duk kuskure ne, kuma su ne aka fi gani a takardun ɗalibai.

A asibiti kalmar ta fi kowane wuri daraja, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimce ta. Likitoci suna raba manufar jinya: akwai "curative", wadda ake yi da niyyar warkarwa, akwai "palliative", wadda ake yi don majiyyaci ya samu sauƙin raɗaɗi da numfashi da barci da cin abinci, alhali an san cutar ba za ta tafi ba. Aiki iri ɗaya ma yana iya zama ko wanne, niyyar ce take bambanta su. Idan aka gano ciwon daji da wuri aka yanke shi gaba ɗaya, wannan tiyatar warkarwa ce. Idan ya riga ya bazu, ya toshe maƙogwaro har ruwa ba ya wucewa, aka sa ɗan bututu ya buɗe hanya don mutum ya iya shan kunu, wannan tiyata ce ta sauƙaƙawa. Haka gashin da ake yi da na'ura a ƙashin da dajin ya kama, ba don a kashe cutar ba, don dai mai ita ya iya juyawa a kan gado ba tare da ihu ba.

A matsayin fanni mai zaman kansa, abin bai tsufa ba. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, inda aka mayar da kula da masu cutar ajali ilimi mai ƙa'ida. Wani likitan tiyata ɗan Kanada, Balfour Mount, ya je ya ga aikinta, ya koma ya buɗe sashe irinsa a asibitin Royal Victoria da ke Montreal a 1975. Shi ne ya zaɓi sunan "palliative care", domin kalmar "hospice" a kunnen masu Faransanci na yankinsa tana nufin gidan da ake ajiye gajiyayyu da marasa galihu, bai so a ɗauki sashen haka ba. Ingila ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa ta musamman a 1987. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan nan uku na maganin raɗaɗin daji a 1986: a fara da irin su farasitamol, idan bai isa ba a hau masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin, idan ya ƙi a kai ga mofin. Ƙa'idar ita ce a ba da shi ta baki, kuma bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba. Mofin na ruwa duk bayan awa huɗu ake shan sa, ana haɗa shi da maganin sakin ciki saboda yana ɗaure bayan gida. A 2002 hukumar ta gyara bayaninta na fannin, ta nuna cewa ba sai kwanakin ƙarshe ake fara shi ba, ana iya haɗa shi da maganin cutar tun da wuri, kuma ya shafi iyalin majiyyaci kamar yadda ya shafi shi kansa.

Wannan gyara na 2002 shi ne abin da masu jinya suka fi rasa ji. Ɗa yana tsaye a baranda da fayil a hannu, likita ya ce masa mahaifinsa sai "palliative care". Abin da yake shiga kunnensa shi ne an sallame su, a koma gida a yi ta addu'a. Wani kuma, saboda yadda kalmar ta yi tashe a siyasa, yana iya zaton wani rangwamen kuɗi ne ko taimako. Duka biyun ba su ne ba. Likitan da ya san nauyin kalmar zai bar Turancin ya ce: "Malam, ciwon Baba ya wuce a cire shi. Amma ba mu bar shi ba. Za mu tsaya a kan ya daina jin zafin nan, ya samu barci, ya ci abin da zai iya, ya yi sallarsa cikin natsuwa." Wannan ita ce fassarar kalmar, kuma babu abin kunya a cikinta. Idan cuta ta gagari magani, lulluɓa wa mai ita mayafi jinƙai ne.

Da kalmar ta fita daga asibiti ta shiga bakin 'yan siyasa da marubutan jarida a ƙasashen Turawa, sai ta ɗauki wani ɗanɗano na suka. Dalilin a fili yake. Matsalar tattalin arziki ko ta mulki ba cutar ajali ba ce, ana sa ran tana da magani, saboda haka wanda ya kira wani shiri "palliative" yana cewa ne an kashe maciji ba a sare kansa ba. Shi ya sa kalmomin da suke yawan rakiyarta su ne "mere" da "temporary" da "short-term". Jumlar "The cash transfer is a palliative, not a cure" tana nufin rabon kuɗin lallaɓawa ne, ba magani ba. A can, 'yan adawa ne suke jifan shirin gwamnati da wannan suna. Da wuya ka ji minista ya kira aikin kansa da shi yana alfahari.

A Najeriya abin ya juya. An ji kalmar sosai a Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga a Kano da sauran birane, har aka dawo da ita 97; alƙawuran da aka yi na motocin sufuri da sauran matakai, "palliatives" aka kira su. Amma shekarar 2020 ce ta kai ta kowane gida. Da aka kulle Kano a watan Afrilu saboda korona, aka hana kasuwa da zirga-zirga, kayan abincin da ake rabawa da wannan suna suka zo. A watan Oktoba na shekarar, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kalaba da wasu garuruwa, aka ga buhuna da katan-katan a kan mutane, daga nan kalmar ta manne da abin da ake ɗauka a ka. Sai 29 ga Mayun 2023, ranar da Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, shi ma da wannan suna. Cikin shekara goma sha ɗaya kalmar ta tashi daga siffar da ke bayyana irin matakin da aka ɗauka, ta zama sunan kayan da ake rabawa.

Wannan ba kuskure ba ne a Turancin Najeriya. Harshe na masu amfani da shi ne, kuma ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a Janairun 2020, har da "Kannywood" da "okada". Wanda ya ce "They are sharing palliatives in our ward" kowa a nan ya gane shi. Sai dai akwai asarar da aka yi, kuma ba ƙarama ba ce. Muddin kalmar tana matsayin siffa, tana jawo tambaya da kanta: sauƙin me, kuma ina maganin? Da ta zama sunan buhu, tambayar ta koma buhu nawa aka kawo, wa ya samu, wa aka tsallake. A likitanci, wanda ya tsaya a kan rage zafi alhali cutar tana da magani, ya yi laifi. Yaron da ke da zazzaɓin cizon sauro, farasitamol zai saukar masa da zafin jiki na 'yan awoyi, uwa ta ga ya tashi yana wasa, amma ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa a jini har sai an ba shi maganinta na kwana uku, safe da yamma, ya shanye. Tsadar rayuwa ta fi kama da wannan zazzaɓi fiye da ciwon ajali, kuma ita kanta kalmar da gwamnati take zaɓa shaida ce cewa ba a taɓa tushen ba tukuna. Mai karɓar shinkafar bai yi laifi ba, da babu gara ba daɗi. Amma yana da haƙƙin ya san cewa sunan abin da aka miƙa masa yana ɗauke da alƙawarin wani abu da bai iso ba.

Wani wurin da ma'anar asali ta tsira a Najeriya shi ne aikin titi. Idan injiniyoyi suka ce za a yi "palliative work" a kan hanya, suna nufin a zuba marmara da tsakuwa a ramuka, a danne, wani lokaci a shafa kwalta sama-sama don motoci su samu wucewa kafin a ba da kwangilar gaske. Ba a taɓa magudanar ruwa ba, ba a tono ƙasan da ya ruɓe ba, saboda haka ruwan Agusta yana zuwa ramin yake dawowa. Faci ne, kuma sun faɗi gaskiya da suka kira shi haka.

Ga masu fassara zuwa Hausa, babbar matsalar ita ce kalmar tallafi, wadda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. "Subsidy" tallafi, "grant" tallafi, "aid" tallafi, "palliative" ma tallafi, har ta kai ana cewa an cire tallafi za a raba tallafi, mai sauraro ya kasa bambance kuɗin da gwamnati take biya don a rage farashin kaya ga kowa da kowa, da kuma kayan da ake bai wa wasu zaɓaɓɓu sau ɗaya. Gidajen rediyon da suke cewa kayan rage raɗaɗi sun fi dacewa, domin "rage" ta riƙe ma'anar: raɗaɗin bai tafi ba. Idan ana maganar manufa ce, matakin wucin gadi ya fi. Idan marubucin Turancin suka yake yi, kwaskwarima ko faci ko lallaɓawa su ne suke ɗauko zafin maganarsa. A asibiti kuwa, jinyar sauƙaƙa raɗaɗi. Kalma ɗaya ta Hausa ba za ta wadatar a duk wuraren nan ba, sai an duba wa ke magana, kuma yabo yake yi ko zargi.

A nahawu tana aiki biyu. Siffa ce a "palliative measures" da "palliative care", kuma siffar Turanci ba ta ɗaukar jam'i, don haka "palliatives measures" da ake gani a wasu sanarwoyi kuskure ne. Suna ce mai ƙirguwa a "a palliative" da "palliatives", kalmar da ke bin ta kuwa "for" ce, kuma abin da ke biye da ita a daidaitaccen Turanci shi ne matsalar: "a palliative for unemployment". Mu a nan mukan sa mutanen ne a wurin, mu ce "palliatives for widows", wanda yake nuna yadda ma'anar ta koma kyauta. Aikatau ɗin shi ne "palliate", aikin kansa "palliation". Galibi abin da ake yi wa "palliate" shi ne zafin ko alamar cutar, ba mutumin ba. "Palliate the pain" daidai ne, "palliate the poor" ba ya tafiya. Wannan aikatau yana da ma'ana ta biyu da ta fi kusa da rufa-rufa, wato a yi wa laifi kwalliya da uzuri don ya yi sauƙin gani. "Nothing can palliate his offence" na nufin babu hanzarin da zai rage munin abin da ya aikata. Masu shirya jarrabawa suna son wannan ma'anar, saboda ɗalibin da shinkafa kawai ya sani ba zai gano cewa amsar ita ce "excuse" ko "extenuate" ba.

Maƙwabtanta ma kowace da hotonta. "Alleviate" daga kalmar Latin mai nufin rashin nauyi take, kamar a rage wa ɗan dako buhu ɗaya daga kansa. "Mitigate" daga laushi take, a tausasa abu mai tsauri, shi ya sa lauyoyi suke amfani da ita wajen neman sassaucin hukunci. Waɗannan biyun ba su ce komai ba game da ko za a warke. "Palliate" ce kaɗai take ɗauke da iƙirarin cewa tushen yana nan. "Placebo" kuwa ƙwaya ce da babu sinadarin magani a cikinta, alhali mofin aiki yake yi na gaske. "Panacea" kishiya ce ta wani gefen, maganin kowace cuta, irin wanda masu talla da lasifika a bakin kasuwa suke cewa yana maganin basir da shawara da ciwon baya duk a kwalba ɗaya. Idan tambayar jarrabawa ta nemi kishiyar "palliative", "curative" ake nema ko "cure".

Wanda kuma yake rubuta wa mai karatu na waje, ko takardar neman gurbin karatu ce, ko rahoto ga wata ƙungiyar agaji, ko jarrabawar Turanci ta IELTS, ya ajiye ma'anar gida a gefe. Idan abinci aka raba ya ce "food aid" ko "relief supplies", idan kuɗi ne ya ce "cash transfer". Jumla irin "We distributed palliatives to 200 households" a idon ma'aikacin lafiya na Landan ko Toronto tana iya nufin an bi gida 200 ana raba wa masu cutar ajali maganin raɗaɗi, kuma tambayar da zai fara yi ita ce wane likita ne ya rubuta shi.